Tafiyata Kumamoto da Minamata: abin da na gani a ƙwaƙwalwar ɓera da ta mage

Tun da na dawo mutane ke ta tambayata wai me ya kai ni Japan, wasu sun ɗauka digiri na tafi yi, wasu sun ce ai sarin kayan mota ne, toh ba ko ɗaya. Kwas ne na 'yan makonni a kan aikin da nake yi kullum, wato shirya nama a lab, a yanka shi siriri a rina shi a ɗora a gilashi domin likita ya duba a madubin ƙara girma ya faɗi abin da ke damun mai shi. Sai dai wannan karon ƙwaƙwalwa ce da laka da jijiyoyi kawai, kuma na dabbobin gwaji ne da ake bai wa sinadari don a gane ko guba ne tun kafin ya iso hannun mutane, irin su maganin ƙwari da na feshin ciyawa da sababbin magunguna.

Daga Abuja muka tashi, muka yada zango a Doha, sai Tokyo, daga nan wani jirgin zuwa Fukuoka a tsibirin Kyushu, sannan jirgin ƙasan nan mai gudu Shinkansen ya sauke ni a Kumamoto ko awa ɗaya ba a yi ba. Suna gabanmu da awa 8, idan na idar da asuba na kira gida sai in tarar Umma ba ta daɗe da sallame isha'i ba, alƙibla kuma yamma ake kallo a ɗan karkata arewa. Garin na da tarago mai lantarki a tsakiyar titi, ga tsohuwar fadarsu da girgizar ƙasar 2016 ta zubar da wani ɓangare na ganuwarta, har yanzu ana kan gyara dutse bayan dutse. Akwai masallaci a unguwar Kurokami kusa da jami'a, nan nake zuwa Juma'a, abinci kuwa kifi da shinkafa na riƙe shikenan.

Wadda aka haɗa mu da ita a lab ɗin wata dattijuwa ce da ta yi shekara da shekaru a gaban injin yanka, kowa Sensei yake ce mata, wato malama, mu ma muka bi sahu. Ba ta da yawan magana, Turancinta kaɗan ne, hannu take kama maka ta nuna. Ranar farko ko aska ba ta bari mun taɓa ba, silaid biyu kawai, wato gilashin da aka ɗora yankan nama, ta ajiye mana a madubi tace mu faɗi wanne ɓera ne ya ci guba. Na farkon cike yake da niyuron, wato ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa, da suka yi baƙi-baƙi suka ƙanƙance, wutsiyarsu ta murɗe, duk wanda ya gani zai ce wannan ƙwaƙwalwa ta lalace. Na biyun kuma fes da shi, sai ka ƙura ido sosai sannan ka hango 'yan ƙwayoyi jajaye nan da can. Na farkon lafiyarsa lau, ba a ba shi komai ba, wanda ya ciro ƙwaƙwalwar ne ya danne ta da yatsa tun tana ɗanya. Na biyun ne ya ci gubar. Duk sauran abin da muka koya a makonnin nan a kan wannan silaid biyu ya ginu, domin hannun ma'aikaci na iya ƙirƙiro cutar da babu ita, yana kuma iya ɓoye wadda take nan, kuma a kan rahoton da ya fito daga hannun nan ne wata hukuma za ta ce a sayar da magani ko kada a sayar.

Ɗanyar ƙwaƙwalwa kamar awarar da ba a soya ba take, ko matsefata ka ɗora mata sai ta bar shaida. Shi ya sa a gwajin guba na musamman ba a fara buɗe kai, ta jini ake bi. Ana yi wa ɓeran allurar barci mai nauyi, a matse masa yatsan ƙafa a tabbatar ba ya jin komai, sannan a buɗe ƙirji a soka allura a ɓangaren hagu na zuciya, a ɗan tsaga na dama don ruwa ya samu mafita, a fara tura ruwan gishiri har jini ya wanke, za ka ga hanta ta koɗe daga ja zuwa fari-fari, sai a juya famfo zuwa fomalin, maganin da ke hana nama ruɓewa, wani lokacin a haɗa da wani irinsa mai suna gulutaraldehaid idan jijiyoyin ƙafa ake so a duba da kyau. Maganin na bin duk hanyar da jini ke bi har cikin ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, ya daskarar da kowace ƙwaya a inda take a yadda take. Ƙarfin turawar ma sai an daidaita shi kusa da na bugun jinin dabbar, in ya yi yawa ya fasa hanyoyin jini ya bar ramuka, in ya yi kaɗan tsakiya ba za ta kamu ba. Bayan an gama kuma ba a ciro ƙwaƙwalwar nan take, Sensei cire kan take ta nutsa shi a fomalin ya kwana, washegari sannan a ɓantare ƙashin a hankali.

Ba zan ɓoye ba, wannan ɓangaren akwai nauyi a zuciya, rai ne ake ɗauka, ni dai bisimilla nake yi kafin in taɓa kowanne. Su ma can ba sa ɗaukar abin da wasa, jami'o'insu da yawa na da dutsen tunawa da dabbobin gwaji kuma duk shekara ma'aikata na taruwa su ajiye furanni. Abin da na ɗauka daga nan shi ne in har an kashe dabba don a samu amsa toh wajibi ne a yi aikin da zai ba da amsar, ɓata naman da ganganci ko da gaggawa zalunci ne sau biyu.

Ƙwaƙwalwar ɓera kamar giram 2 ce kawai amma inda za ka yanka a cikinta babban zance ne. A da yanka uku ake yi a gwajin yau da kullum, gaba da tsakiya da baya, sai aka lura akwai wuraren da guba ke kamawa da aska ba ta bi ta kansu sam, a 2013 ƙungiyar masana cututtukan guba ta Amurka ta ba da shawarar a koma yanka bakwai, tun daga ƙullin jin ƙamshi da ke gaba har zuwa inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka. Dalili kuwa guba ba ta cin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, zaɓe take, wata ta kama wurin ajiye tunani, wata wurin sarrafa tafiya, wata ba ta ma shiga kai sai ta tsaya a ƙarshen jijiyar ƙafa. Don haka bayan kai sai a ɗauki laka a wuya da baya da ƙugu, a ciro 'yan ƙulle-ƙullen jijiya da ke gefen ƙashin baya inda niyuron masu kai saƙon ji suke zaune, a ɗauki babbar jijiyar cinya da rassanta na ƙasa, da ido da jijiyarsa, da tsoka. Ƙa'idar gwaji mai lamba 424 ta 1997, ta ƙungiyar haɗin kan ƙasashe ta OECD, ita ake bi, rukuni uku aƙalla da ake bai wa sinadarin kaɗan da matsakaici da mai yawa, da rukunin da ba a ba komai, maza 10 mata 10 a kowanne, a cikinsu aƙalla biyar-biyar ake yi wa wankin zuciyar nan. Kafin a kai ga aska an riga an yi makonni ana kallon yadda suke tafiya da ƙarfin riƙonsu da yadda suke zabura in sun ji ƙara. Akwai ma gwajin da da kaji ake yin sa, na magungunan ƙwari dangin su piya-piya, domin wasu daga cikinsu sai bayan sati biyu ko uku suke shanye ƙafa, kuma kaza ta fi ɓera nuna hakan.

Daga nan sai aikin da na saba, a tsane ruwan naman da alkohol, a wanke da sinadarin zailin, a zuba shi cikin kakin farafin, a yanka kaurin maikuron 4 zuwa 5, maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ko a nan akwai tarko, in ka bar ƙwaƙwalwa ta daɗe cikin alkohol, misali ka sa ta ranar Juma'a ka tafi sai Litinin, farin ɓangarenta zai fito da 'yan ramuka birjik kamar wata cuta ce, alhali jinkiri ne kawai.

Rini shi ne inda na fi jin daɗin kwas ɗin. Rinin H&E da muke yi kullum, shuɗi da ja, yana nuna niyuron da ya mutu da gaske, jikinsa ja wur, cibiyarsa ta ƙanƙance ta yi duhu, amma neman irinsu cikin dubbai aiki ne mai gajiyar da ido kuma ana tsallake su. Sai ta kai mu ɗaki mai duhu ta sa yankan da aka rina da Fluoro-Jade, rinin da aka fito da shi a 1997, ta kunna shuɗin haske, wallahi sai ga matattun ƙwayoyin nan suna walƙiya kore shar a kan baƙi, har da rassansu, waɗanda suke da rai kuma ba ka ganin su. Akwai na azurfa da ke baƙanta jijiyar da ke rugujewa, akwai Luxol da ke rina rigar kitsen da ta lulluɓe jijiya shuɗi, in rigar ta zube sai ka ga wurin ya koɗe, akwai kuma GFAP da Iba1 da ke nuna ƙwayoyin da ke yi wa ƙwaƙwalwa hidima da shara, su ne ke kumbura su taru a inda aka yi ɓarna. Amfanin waɗannan na ƙarshe babba ne saboda matacciyar ƙwaya ba ta daɗewa, cikin 'yan kwanaki an share ta, wanda ya zo dubawa bayan kwana 90 ba zai tarar da gawa ba sai tabo da gurbi. Lokacin da ka yanka ma kenan yana cikin abin da zai sa ka gani ko kada ka gani. Kuma idan aka zo tantance ƙaramin bambanci sai a rufe lambar silaid ɗin, mai dubawa bai san wanne rukuni yake kallo ba, don kada zuciyarsa ta nuna masa abin da yake so.

Jijiyar ƙafa ita ba a cika sa ta a kaki ba in ana son gani sosai, a roba mai tauri ake zuba ta bayan an jiƙa ta da osmiyom, wanda sai a cikin akwatin zuƙe iska ake buɗe shi domin tururinsa na illata ido, a yanka maikuron 1 da wuƙar gilashi. Wata kuma a sa ta a gilisarin a zauna da allura biyu a ƙarƙashin madubi ana tsefe zare ɗaya-ɗaya. Wannan tsifar na cin awanni, kafaɗa ta ƙage, amma in ka ja zare ɗaya ka miƙe shi za ka ga lafiyayye santal gaɓa-gaɓa, wanda guba ta ci kuma ya tsintsinke gutsi-gutsi a jere.

Ana cikin haka aka shirya mana zuwa Minamata, garin da gubar zaiba ta taɓa yi wa mummunar ɓarna, wadda ke ƙarshen kudu na jihar Kumamoto a bakin tekun Shiranui. Shinkansen na kai ka cikin kamar rabin awa amma mu ƙaramin jirgin da ke bin gaɓar teku daga Yatsushiro muka hau, teku a dama duwatsu da gonakin lemo a hagu, ruwa kwance lumui da 'yan kwale-kwalen masunta. Kana fitowa daga tashar garin ƙofar masana'antar ce ke kallon ka. Kamfanin Chisso ne, daga 1932 zuwa 1968 yana haɗa wani sinadari da ake kira asetaldehaid yana amfani da zaiba a aikin, ruwan dattin kuma yana zuba a teku ta magudanar Hyakken, mun je mun tsaya a bakinta, 'yar ƙaramar ƙofar ruwa ce da ba za ka kalla sau biyu ba.

Dabbobi ne suka fara nunawa. Tun farkon shekarun 1950 kifi ke tasowa saman ruwa, hankaki na faɗowa daga sama, maguna na tangaɗi suna juyi suna zubar da yawu har su faɗa teku, mutanen ƙauyukan suka sa wa abin suna ciwon rawar mage. A watan Afrilun 1956 aka kawo wata yarinya 'yar shekara biyar asibitin kamfanin ba ta iya tafiya ba ta iya magana, bayan 'yan kwanaki aka kawo ƙanwarta, ranar 1 ga Mayu shugaban asibitin Dakta Hajime Hosokawa ya kai rahoto hukumar lafiya. Da farko an ɗauka annoba ce mai yaɗuwa, aka yi ta feshi a gidajensu, maƙwabta suka guje su, a gidan tarihin garin da aka buɗe a 1993 akwai masu ba da labari daga iyalan da abin ya shafa, wadda muka saurara ta faɗi yadda masu shago ba sa karɓar kuɗi daga hannunsu. Ban iya ɗaga kai ba har ta gama.

Abin da ya kamo bakin zaren aikin madubi ne. Masana a Jami'ar Kumamoto sun yi ta zargin manganis da taliyom da seleniyom, amma Farfesa Tadao Takeuchi da ke duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu ya ga ɓarnar tana da tsari, wuraren da take ci ba sa canzawa. A bayan kai wurin da ke karɓar gani ya zaizaye musamman a cikin lungunan, shi ya sa marasa lafiyar ke ganin abin da ke gabansu kawai gefe ya rufe. Wurin ji da wurin taɓi su ma haka. A ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya kuwa ƙananan ƙwayoyin da ke cunkushe a layin ciki sun ɓace, manyan da ake kira Purkinje suna nan tsaye a kan fanko, daga nan tangaɗin yake. Wannan hoton ya yi daidai da wanda likitocin Ingila Hunter da Russell suka bayyana a 1954 a gawar wani ma'aikacin masana'antar maganin iri da ya shaƙi wata irin zaiba. A Yulin 1959 jami'ar ta sanar cewa zaiba ce mai haɗe da sinadarin halitta, a lakar bakin magudanar kuma an auna sama da kashi 2,000 cikin miliyan. Da muka koma lab Sensei ta nuna mana irin wannan yankan a dabbar gwaji, layin da ya kamata ya yi shuɗi cunkus ya zama fili, sannan ta nuna wani da aka bi da azurfa ta yadda take taruwa a kan ƙwayar zaiba, sai ga baƙaƙen ɗigo a cikin ƙwayoyin, gubar kanta kake kallo a inda ta zauna. Ta kuma ja mana kunne cewa a ɓera wannan gubar ta fi fara cin jijiyoyin ji na waje da ƙulle-ƙullen gefen laka, ɗan ƙaramin birin nan mamoset ne ƙwaƙwalwarsa ke lalacewa irin ta mutum, wanda ya duba kan ɓera kaɗai ya bar bayansa zai iya cewa lafiya.

Labarin mage mai lamba 400 shi ya fi tsaya min a rai. Dakta Hosokawa ma'aikacin kamfanin ne amma a 1959 ya fara zuba ruwan dattin masana'antar a abincin maguna, a watan Oktoba wannan magen ta kamu da ciwon sak. Ya faɗa wa manyansa, aka hana shi ci gaba, aka rufe sakamakon. A ƙarshen shekarar kamfanin ya ba iyalai kuɗin jaje, yen 300,000 ga wanda ya mutu, da sharaɗin ba za su sake neman komai ba ko da an gano laifin masana'antar ne, ruwan kuma ya ci gaba da zuba har 1968, shekarar da gwamnati ta amince a hukumance. Sai a 1970 yana kwance a asibiti da ciwon daji ya ba da shaida wa kotu, ya rasu a shekarar, a 1973 kotun Kumamoto ta ba marasa lafiyar gaskiya. Kejin magunan na nan a wani ƙaramin gidan tarihi na Soshisha, ƙungiyar da ke tallafa wa marasa lafiyar, a kan tudu. Wani abin da ya shafi sana'armu kai tsaye, bayan kusan shekara 40 an tsinci naman wata mage daga gwaje-gwajen nan, mai lamba 717, a ɗakin ajiya na jami'ar, aka sake yankawa aka rina aka auna, ɓarnar na nan zaibar na nan. Wani ma'aikaci ne ya sa naman a magani yadda ya kamata ya rubuta lamba a jiki.

Sai maganar jarirai. A lokacin likitoci sun yi imani mahaifa na tare guba, amma iyaye mata a ƙauyukan masunta suna ta haifar yaran da ba sa iya riƙe wuya, su iyayen kuma da sauƙi-sauƙi. Dakta Masazumi Harada ya bi su gida-gida, binciken gawar yara biyu ya tabbatar da abin a 1962, kuma a jariri ɓarnar ba ta zaɓen wuri, ko'ina take ci domin ƙwaƙwalwar tana kan ginuwa. Wannan zaibar na manne wa wani sinadarin abinci sai jiki ya ɗauka abinci ne ya buɗe mata ƙofar ƙwaƙwalwa da ta mahaifa. Mutanen Japan na da al'adar ajiye busasshiyar cibiyar jariri a ɗan akwatin katako, daga baya aka karɓo waɗannan cibiyoyin aka auna, suka nuna shekarun da gubar ta hau da shekarun da ta sauka. Waɗanda aka tantance a hukumance suna da ciwon a yankin Minamata sun haura 2,200, dubun-dubatar wasu kuma sun karɓi diyya ta wasu hanyoyi, har yau akwai masu shari'a. Inda muka zauna muka ci abincin rana, filin shaƙatawa mai ciyawa da furanni, hekta 58 ne da aka cike a kan lakar da aka kwashe daga teku tsakanin 1977 da 1990, zaibar na ƙarƙashinsa a rufe. A 1997 aka cire ragar da ta killace kifin bakin ruwan.

Ina zaune a wurin Zamfara ce ta faɗo min. A 2010 kafin a gane gubar dalma ce ke kashe yara a Dareta da Yargalma da Bagega da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum, agwagi ne suka fara ƙarewa a garuruwan, har yara sama da 400 suka tafi, yawancinsu da jijjiga, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. A 2015 aka maimaita a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Waccan dalma ce daga dutsen da ake niƙawa a tsakar gida, amma zaiba ma tana nan a aikin zinaren, kuma ƙananan masu haƙar zinare su ne kan gaba a duniya wajen sakin ta a iska, sama da kashi ɗaya cikin uku. Yarjejeniyar rage ta da aka sa wa sunan Minamata a nan Kumamoto aka rattaba mata hannu a Oktoban 2013.

Daren nan na kira ɗan ƙanin babanmu da ke wankin zinare a daji, na tambaye shi yadda suke yi, yace Yaya ai da hannu muke murza ta a kwano da garin dutsen, mu matse a ƙyalle, abin da ya rage mu ƙona a cokali ta tashi ta bar zinaren. Nace a ina kuke ƙonawa, yace wani lokacin a ɗaki saboda idon mutane. Nace masa don Allah ko me za a yi kada ya ƙara ƙonawa a ɗaki ko kusa da matarsa da yara, hayaƙin ba shi da wari amma mafi yawan abin da ya shaƙa huhu na tsotse shi ya wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda, rawar hannu da mantuwa da saurin fushi da kumburin dasashi daga nan suke farawa, wadda ta zube a rafi kuma ƙwayoyin cuta na cikin laka ne ke juya ta ta koma irin ta Minamata ta shiga kifi. Akwai 'yar tukunyar ƙarfe mai bututu da ake ƙonawa a ciki ta kama tururin ya koma ruwa, ko maƙeri zai iya haɗa ta, zaibar ma ta dawo maka ka sake aiki da ita. Yayi shiru sannan yace toh Yaya in ka dawo ka zo ka nuna mana.

Da na dawo na zauna na ware abin da za mu iya da abin da sai an samu kuɗi. Fluoro-Jade na buƙatar madubi mai fitila ta musamman, GFAP na buƙatar firjin da wuta ba ta yankewa, waɗannan sai a hankali. Amma wankin zuciya ba sai da famfo mai tsada ba, robar ƙarin ruwa biyu a rataye kamar mita ɗaya da rabi sama da tebur sun isa, barin kai ya kwana a fomalin kyauta ne, yanka bakwai maimakon uku askar ce dai ɗaya. Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda samfur ke iso mana, ƙwaƙwalwa guda a cushe cikin 'yar kwalbar da ba ta fi ta girma ba da ɗan fomalin a ƙasa, waje ya kamu ciki ya ruɓe, ɗalibi kuma ya rubuta a aikinsa cewa ganyen da ya gwada ya kashe niyuron ko ya kare su alhali abin da ya gani yatsansa ne da zafin rana.

Ga 'yan'uwa likitocin dabbobi da ma'aikatan lafiya da ke kusa da wuraren haƙar ma'adinai, in kun ga kaji ko agwagi ko awaki ko maguna na tangaɗi suna mutuwa a gari ɗaya ku ɗauki samfur tun da wuri. Kare ko magen da ke zubar da yawu kada kowa ya buɗe kansa da hannu sai an cire zargin ciwon haukan kare. Sauran kuwa a sa ƙwaƙwalwar a roba mai faɗin baki da fomalin kashi 10 wanda yawansa ya ninka naman sau goma, kada a danna kada a cusa, hanta da ƙoda kuma a yanki wani ɓangare a sa a leda mai tsabta cikin ƙanƙara ba tare da fomalin ba domin da shi ake auna dalma da zaiba, a rubuta garin da ranar da irin dabbar da fensir a takarda a jefa ciki, biro na wankewa.